Begilar Kawu a Teburin Ustaz

Wautar ƙarama ce, kuma a aji na tafka ta, wata rana da ake zafin da ko ƙuda ya kasa tashi daga kan benci. Ustaz, sabon malamin tarihi da aka kawo mana daga birni, ya rufe littafi ya ce yana so ya shirya ma'arad a nadi, zauren taron gari, wato a baje tsofaffin kaya a kan tebura mutane su zo su kalla, kuma a kan tarihin bikin jaz na garinmu zai yi shi. Ya ce ya ji labarin ganga da faifan tagulla, amma an gaya masa akwai wata begila wadda ita ce ran bikin. Ko akwai wanda ya san daga ina ta fito?

Ni kuwa Allah ya yi ni ba na iya ganin tambaya tana tsaye ita kaɗai ban je na taya ta hira ba. Na ɗaga hannu na ce ta Kawu ce, yayan Innata, kuma a bayansa ya goyo ta tun daga ƙasar Hausa, da ƙafa. Da na ga duk aji ya juyo, sai na ƙara gishiri. Na ce a dajin Darfur zaki ya tare shi, ya busa masa ita, zakin ya zauna ya naɗe wutsiya, da aka gama ya raka shi har bakin gari. Na ce in ya busa ta a nan, sai jakunan Sinnar sun amsa. Aji ya kece da dariya. Ustaz kaɗai bai yi ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya tambaye ni da Larabcinsa mai santsi: "Kwayis, madalla. A wace shekara ya iso?"

Dariyar ta mutu kamar an watsa wa garwashi ruwa. Yaron da ke bayana ya soke ni da yatsa a haƙarƙari.

Garinmu ƙauye ne kusa da Wad Haddad, a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Tun kafin a haife ni har zuwa lokacin da nake yawo ba wando, duk shekara in an gama ɗibar auduga samari kan yi bikin jaz a filin bayan nadi. Mutane kan ciko lori daga Mai Wurno da Sinnar. Ana kaɗa ganga, ana buga jita, Kawu yana tsakiya da begila, kumatunsa kamar ya cusa lemo a kowane gefe. Daga baya samarin suka yi gemu, wasu suka je hajji suka dawo ba sa son a tuna musu, wasu suka tafi aikin madatsar ruwa a Damazin, rediyo kuma ya shigo kowane gida. Bikin ya mutu ba tare da an yi masa jana'iza ba.

Wannan duk ba abin ɓoyo ba ne. Tambayar Ustaz ce abin tsoro. A wajenmu kana iya tambayar mutum komai, har abin da ya ci jiya, amma ba a tambayarsa yaushe ya zo. Kowa a garinmu a nan aka haife shi. Har tsohuwar da ke iya zayyana maka kasuwar Sakkwato rumfa bayan rumfa, in baƙo ne ya tambaya, a gindin tur'a aka yanke mata cibi. Dalili kuwa hawasha, gonar da hukumar noma ke ba mutum ya riƙa nomawa. Ba a barin ta sai a hannun ɗan ƙasa mai jinsiyya, takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Kawu kuma da gashin baki ya iso, ya biyo sawun Inna wadda aka taho da ita tana ƙarama. Dattawan gari ne suka tsaya masa suka ce ɗan gari ne, a gabansu ya yi rarrafe. Da wannan shaidar ya samu hawasha, kuma ita ke ciyar da gidansa da namu tun da Baba ya tafi Damazin. Ni kuma na tashi a gaban malamin gwamnati na ce da ƙafarsa ya zo, har da zaki a matsayin shaida.

Labarin ya riga ni isa gida, don a garinmu labari ba ya bin hanya, ta kan danga yake tsallakawa. Na tarar da Inna a gaban kasko tana shimfiɗa ƙullun kisra, siririyar wainar dawa da muke ci da miya. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Zo nan, sarkin baki. Mi kac ce ma malamin ga?"

"Inna, zancen zaki kawai na yi."

"Zakin ya cinye ka. Duk ajin ga kai kaɗai ad da kawu?"

"Ai tambaya ya yi."

"In ya tambayi launin wandon ubanka ma sai ka hwaɗa mishi?" Ta ɓamɓare kisrar ta ajiye a faifai, sannan ta rage murya, abin da ya fi tsawa ba ni tsoro. "In anka karɓe hawashar ga, begila za ka ci? Tashi ka tai ka gaya mishi da bakinka, tun da kana da shi."

Na samu Kawu a hawasha, ruwa har ƙwauri, yana buɗe wa layukan auduga hanya da fartanya. Mutum ne ƙato marar yawan magana, in ya ce maka "to" ya yi hirar yini. Na tsaya nesa, daidai inda fartanya ba za ta kai ba, na faɗa masa duka. Ya saurara yana kallon ruwan.

"Zakin," in ji shi, "namiji ne ko mace?"

"Namiji, Kawu."

"To, ka kyauta da ba ka rage mini daraja ba."

Ya ci gaba da aiki. Na yi ta jira ya zage ni bai zage ni ba. Can ya miƙe ya dubi gonar daga wannan kai zuwa wancan, a hankali, kamar mai duban dabbar da za a kai kasuwa. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar dattawa suka zauna a inuwar bedi a ƙofar masallaci, aka kira ni na durƙusa a tsakiya. Su ma abin ya shafe su, tun da bakinsu ne ya haifi Kawu a garin. Nan na gane cewa tun ranar da Ustaz ya sauka daga lori ake sa masa ido, ni ne kawai ban sani ba. Mai shago ya ce alƙalami biyu gare shi a aljihu, ɗaya ja, kuma mutumin kirki ba ya bukatar jan alƙalami. Ladan ya ce duk Alhamis Ustaz yana tafiya birnin Madani, ya dawo ba tare da ko tsinke ba, to me yake kaiwa? Wani ya ce ya gan shi yana tambayar tsofaffi wane biki suka fara gani, kuma suna da shekara nawa a lokacin.

"Kun gani?" in ji ladan. "Ba ya cewa yaushe kaz zo. Sai ya ce yaushe kay yi rawa. Wanga ba ƙaramin shu'umi ba ne."

Wani ya ce a jefa begilar a tur'a a huta. Kawu, wanda ke zaune a gefe, ya ɗago kai ya dube shi, mutumin ya ce wasa yake yi.

Shehun gari ya daɗe yana shafa gemu. "In munka ɓoye ta, ya ce akwai abin ɓoyo. Begila za ta hito. Amma ba ta da uba. A tur'a anka tsince ta shekarar da anka yashe laka. Wanda ke busa ta wani baƙo ne, ya wuce, Allah ya jiƙansa in ya mutu." Ya juyo kaina. "Kai kuma, maƙaryacin gari, yau sana'arka ta yi rana. Ka koma ka ce mishi ƙarya ka yi. Ba wanda zai yi mamaki."

Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Tun da nake, karo na farko ke nan da na ɗora labari a kan gaskiya, shi ne kuma aka ce in je in rushe.

Washegari da hantsi na je karɓo ta. Kawu ya jawo ta daga ƙarƙashin angareb, gadonsa na igiya, naɗe cikin tsohon rawani. Ban taɓa sanin tana nan ba, alhali na sha kwanciya a kan gadon. Tana ƙyalli, tana ƙamshin man riɗi, ko ɗigon tsatsa babu. Mutumin da duk gari ya ɗauka ya manta da busa, ashe shafa mata mai yake yi kamar jaririya. A wurin riƙo akwai jan kirgi da aka ɗinka mata, irin aikin dukawan ƙasar Hausa wanda ko makaho ya shafa zai san ba a Sinnar aka yi shi ba. Kawu ya sa wuƙa ya farke ɗinkin. Sannan ya ce abin da aka tsinta a tur'a ba ya ƙyalli. Muka je bakin ruwa, na miƙa hannu zan ɗebo laka, ya buge hannun.

"Bari. Kai ba ka san inda ake taɓawa ba."

Ya fara toshe mata baki da ɗan ƙullin auduga don kada laka ta shiga ciki, sannan ya shafe ta da yatsa, sannu a hankali, ya bar ta a inuwa ta bushe. Na sa ta a buhu na kai ɗakin ajiya na nadi, na cusa bayan karyayyun kujeru, na fito ina fito kamar wanda ya je neman ƙwallo.

Daga nan na naɗa kaina ɗan sandan ciki. Inda duk Ustaz ya sa ƙafa, ina bayansa, ina fakewa da jakuna da randunan ruwa. Na gano abubuwa masu tayar da hankali. Yana shan shayi ba sukari. Yana tsayawa a bakin tur'a ya kalli ruwa ba tare da yana da gona ba. Yana gaida mata da sunkuyar da kai, kamar mai neman a manta fuskarsa. Duk na kai wa ladan, shi kuma yana karɓa yana cewa, "Na hwaɗa muku."

Amma babbar hujja Inna ce ta samo ta, ba da niyya ba. Ustaz ya zo ƙofar gidanmu neman faifan tagulla na masu ganga, wanda ya daɗe yana aikin murfin randa a gidan maƙwabciyarmu. Ya yi sallama da Larabci, don kowa ya san ba ya jin Hausa. Inna ta amsa masa da Larabci cikin fara'a, har da tayin shayi, sannan ta juya ga maƙwabciyar ta ce da Hausa, fuskarta ɗauke da murmushin nan dai, "Dubi wuya kamar na zalɓe. Shi ya sa yake leƙa gidajen mutane."

Wallahi ina kallo, hannun Ustaz ya tashi ya taɓa wuyansa. Ya yi sauri ya mayar da shi gyaran kwalar riga, amma mun gani, mu uku.

Maganar ta raba dattawa biyu. Ladan ya ce an koya masa Hausa ne a ofis don ya riƙa sauraron mu. Mai shago ya ce a'a, wataƙila namu ne, irin 'ya'yan da aka haifa a birni suka shiga makaranta suka ajiye harshen a ƙofar gida, shi ma ɓoyo yake yi kamar kowa. Shehu ya ce ko wanne ne, wanda ke ɓoye nasa ya san yadda ake gano na wani. Daga ranar aka daina zaginsa a gabansa da kowane harshe, abin da ya rage wa mata jin daɗin zuwa ɗiban ruwa.

Ni kuma ga janye magana tana jirana. Na samu Ustaz a nadi yana jera tebura.

"Ustaz, zancen da na yi a aji, ƙarya ce."

"Duka?"

"Har zakin."

"Zakin na sani. Sauran fa?"

"Kawu a nan aka haife shi. Ko Darfur bai san inda take ba. Tsoron kare ma yake yi."

"Tayyib," in ji shi. "Zo ka taya ni fitar da kujerun can."

Haka aka yi ni da kaina na tsaya ina mamaki da ihu lokacin da ya jawo buhun. Na ce lallai wannan ita ce wadda aka tsinta a tur'a, dubi laka. Ya juya ta a hannu. Ya sa farce ya zaro audugar da ke bakinta, fara tas, ta bana. Ya daɗe yana kallonta.

"Tur'ar garinku tana da kirki," ya ce. "Har toshe baki take yi wa abin da ya faɗa cikinta."

Na ce ai ruwanmu daban ne. Ya sa audugar a aljihu, kusa da jan alƙalamin. Sannan ya zauna a bakin tebur ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni abin da nake so, yaran garin nan su san an taɓa yin wani abu a nan da mutanen birni suka hau lori don su zo su gani. Ku kullum ce muku ake ku 'yan ɗibar auduga ne. Shi ke nan abin da nake so."

Na kusa yarda da shi. Da na kai wa ladan, ya ce ai daidai abin da ƙwararren ɗan leƙen asiri zai faɗa ke nan, sai na dawo kan bakana.

Ana cikin haka Ustaz ya sanar cewa ya gayyaci mufattish, babban jami'in da ke duba gonakin yankinmu, ya zo ya buɗe ma'arad ɗin. Mufattish shi ne mutumin da in ya tsaya a kan hawasharka ya yi tari, sai ka kasa cin abinci. Ustaz ya ce girmama gari ne. Ladan ya ce ga mahauci nan an kira, mu kuma mun yi layi. Inna ta fara lissafa danginmu na Mai Wurno da za su iya karɓar mu. Ni kuwa na fara koyon cin kisra ba miya, don in saba.

Ranar ta zo. Aka share nadi, aka yayyafa ruwa, aka baje kaya. Ga ganga wadda awaki suka cinye rabin fatarta. Ga faifan tagulla, har yanzu da zoben gishirin ruwan randa a cikinsa. Ga jita marar tsirkiya ko ɗaya. Ga wata jar hula da babu wanda ya yarda ya taɓa sa ta. A bango an kafa hoto ɗaya da wani mai hoto daga Sinnar ya ɗauka, samari a jere cikin wando matsattse. A ranar ne na ga abin al'ajabi: dattawan gari suna tsayawa a gaban fuskokinsu suna tambayar juna su wane ne waɗannan. Shehu ya dubi wani siriri mai rungume da ganga, mai kunnuwa irin nasa sak, ya ce wani ɗan'uwansa ne da ya rasu. Ni dai ban taɓa jin yana da ɗan'uwa ba sai ranar. Shi mai busa begilar, Allah ya taimake mu, bakin begilar ya rufe masa fuska, kunne ɗaya kawai ake gani. Kawu ya zo da rawani ya sauko da shi har kan kunnuwa, cikin wannan zafin.

Begilar tana tebur na tsakiya. Ustaz ya goge lakar, ta dawo tana ɗaukar ido.

Mufattish ya iso da mota, direbansa na biye. Mutum ne gajere mai fara'a, abin da ya ƙara tsorata mu. Ya sha shayi, ya yaba ganga, ya yi dariyar jitar. Da ya kai tebur na tsakiya ya tsaya.

"Ya salam! Wannan ta gaske ce. Ta wa ce?"

"Ba ta da mai ita, janabu," in ji Shehu, wato ranka ya daɗe. "A tur'a aka tsince ta."

"Wa ke busa ta a bikin?"

"Wani baƙo. Ya wuce."

"To yanzu ba wanda ya iya?"

 Direban ya ce shi ya taɓa zama kusa da barikin soja, bari ya gwada. Ya ɗauka ya cika kumatu ya busa. Abin da ya fito, in akuya ta ji za ta je yi wa 'yar'uwarta ta'aziyya. Ya sake, ya fi na farko muni. Yara suka faɗi ƙasa don dariya. Ni Kawu nake kallo. Yana tsaye jikin bango, fuskarsa kamar ta mai ciwon haƙori, yatsunsa na dama suna danna cinyarsa ɗaya bayan ɗaya, suna gyara wa direban kuskure. Na matsa na tsaya a gabansa don in kare hannun.

Sai Ustaz ya juyo. Ya dubi Kawu kai tsaye, ya ce a hankali, "Ya hajji, ko za ka gwada? Kana da ƙirjin busa."

Har yau ban san ko tarko ya ɗana ba, ko kuwa so yake ya ba mutumin dama ya riƙe abinsa sau ɗaya a gaban jama'a.  Mufattish ya karɓi begilar daga direba ya miƙa wa Kawu da hannu biyu, yana murmushi.

Kawu ya karɓa. Na ga babban yatsansa ya tafi wurin da kirgin yake a da, ya tsaya. Sannan ya juya ta baibai, ya kafa baki a faffaɗan gefen da sauti ke fita, ya hura kamar mai hura wuta a murhu. Ba abin da ya fito sai iska.

"Ni manomi ne, janabu," ya ce. "Ta nan ake sa baki, ko?"

Mufattish ya yi dariya har da riƙe ciki. Dattawa suka taya shi, da ƙarfi fiye da yadda abin ya cancanta, ladan har yana share hawaye. Ni ma na yi, don an ce kowa ya yi. Ustaz bai yi ba.

Da dariya ta lafa, mufattish ya sake karɓar begilar yana shafa ta. Ya ce abin tausayi ne kaya mai kyau haka ya zauna a ɗakin ajiya ɓeraye na fitsari a kai. Akwai wasu samari a Madani da suka haɗa ƙungiyar kiɗa, suna da komai sai irin wannan. Tun da ba ta da mai ita, kuma ba wanda ya iya ta, me zai hana gari ya ba su? Ya tambaya ne da ladabi, yana duban Shehu.

Ba wanda ya yi tunanin wannan a inuwar bedi. 

"Janabu," in ji Ustaz da sauri, "kayan tarihi ne. Wataƙila mai ita ya fito wata rana." Ya juya ya dubi jama'a. "Ko akwai wanda ke da magana a kanta? Kowa. Yanzu ne lokacin."

Na yunƙura zan faɗi ta wa ce, har da sabon zaki. Hannun Kawu ya sauka a kafaɗata, mai nauyi kamar buhun dawa, ya danne ni a wurin.

"A ba yara su yi amfani da ita," in ji Kawu. "Mu nan mi za mu yi da ita?"

Shehu ya ce haka ne, gari ya bayar. Aka tafa. Direban ya ɗauke ta ta wuya zai jefa a bayan mota, Kawu ya ce tsaya. Ya kwance rawanin kansa, kunnuwa duka a waje, ya naɗe ta da shi, ya ɗaure bakin, ya ajiye a kan kujera.

"Kada ka bar ta a rana," ya ce wa direban. Ya ga mufattish na kallonsa, sai ya ƙara, "Kowane ƙarfe haka yake. Ko fartanya."

Motar ta bi gefen tur'a ta tafi. Mutane suka koma ciki suka ƙarasa shayin. Kawu bai koma ba, ya ce ruwa na jiransa a gona, alhali ba ranar ruwansa ba ce. Na bi shi a baya. Mun yi nisa kafin ya lura da ni.

"Kawu, in na girma zan je Madani in karɓo ta."

"Ka ce ta wa ce?"

 Ya ce in koma gida in taya Inna ɗiban ruwa.

Mun yi ta jiran a zo a tambayi takardun wani, ba wanda ya zo. Ustaz ya ci gaba da koyar da mu, bai sake ambaton bikin ba, kuma a ƙarshen shekara aka mayar da shi wata makaranta a wajen Damazin. Ladan na nan kan cewa mun tsallake tarko ne da dabara, mai shago na nan kan cewa ba tarkon da aka ɗana tun farko, kuma ba su daina gardamar ba. Begilar ba ta dawo ba. Hawashar tana hannun Kawu, bana ma auduga ya shuka.